Yadda Zaka Saita Injin Zarto Na Tebur Kafin Ka Ɗora Masa Katako

Injin zarto na tebur dai duk wanda ya taɓa shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo ya san shi, shine teburin nan mai faifan zarto a tsakiya da ake tsaga katako a kai. Abin da yasa na zauna nake wannan dogon rubutu shine yawancin raunin da nake gani a wannan injin daga saiti yake farowa, mutane suna ɗauka ganganci ne kawai ko tsautsayi, alhali injin ne tun farko a karkace yake, yana ta faɗa ma mai shi da ƙauri da ƙara da gardamar turi amma ba'a saurara ba. Faifai mai inci 10 in yana juyi 4,000 a minti ɗaya, haƙoransa suna gudun kusan kilomita 190 a awa, toh kaga ba maganar "zan janye hannuna da sauri" anan. A Amurka ma da suke da kayan kariya kala-kala hukumar kula da lafiyar kayan masarufi tasu ta ƙiyasta mutum wajen 30,000 ne faifan ke ji ma ciwo duk shekara.

Kafin komai ka zare filogi daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, ka zare shi ka ɗora kan tebur inda idonka ke ganinsa. Duk abin da zan faɗa daga nan har zuwa gwajin yanka, injin ba wuta ake yinsa.

Wurin zama da wuta

Injin ya zauna daram, ka kama gefen tebur ka girgiza, in yana rawa ka saka masa waigi ko ka ɗaure ƙafafun da ƙasa. Gaba da baya kana buƙatar fili, in katakonka ƙafa 12 ne to ƙafa 12 a gaba da wasu 12 a baya, kuma layin da ke bayanka kar ya zama inda yara ke zama ko inda kwastoma ke jira, dan nan ne katako ke zuwa in injin yayi harbi, wato faifai ya fizgi katako ya wurgo shi baya da ƙarfi. A bayan injin ka haɗa wani tebur da zai karɓi katako, tsayinsa daidai da na injin ko ƙasa kaɗan, kar ya fi shi ko da milimita ɗaya dan katako zai tokare. In akwai yaron da zai tsaya karɓa, tsakanin shaf ɗin zarto, wato ƙarfen da faifai ke juyawa a kansa, da ƙarshen teburin ya kai mita 1.2, kuma ka gaya masa tun yau cewa aikinsa tallafa ne, baya ja.

Maganar wuta kuma dan Allah a kula. Wutarmu 230 ce mai 50Hz, injinan da ake kawowa na hannu daga Amurka yawanci 120 ne mai 60Hz, ka karanta farantin da ke jikin motar kafin ka jona. Waya ta zama mai kauri, 2.5mm² ko sama in tazarar da nisa, da wayar ƙasa a haɗe saboda teburin ƙarfe ne. Sai abin da yafi damuna: makunni. Akwai makunni mai maganaɗisu, kore da ja, wanda in an ɗauke wuta yake sakin kansa, ko an dawo da ita injin bazai tashi ba sai ka danna kore da hannunka. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama a dawo da ita ba sallama wannan makunnin dole ne. Ka hango shi mana, an ɗauke wuta rabin yanka, kowa ya saki jiki, yaro ya sa hannu yana kwashe ɓarɓashi a bakin zarto, sai NEPA ta dawo. In naka na gida ne da aka haɗa da makunni irin na fitila, ka kira mai wayarin ya canza maka shi, a kafa shi ta hagunka inda ko da gwiwa zaka iya bugun jan.

Faifan zarto

Ka cire shi ka duba da kyau cikin haske. Haƙori ya ɓalle, ko tsaga ko da siririya ce a jikin ƙarfen, ko ya yi shuɗi dan zafi ya kuma lanƙwashe, wannan ya gama aiki, kar a kai shi walda. In ƙaro ne kawai ya daskare a haƙoran ka wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori ka shanya, zaka yi mamakin yadda zai dawo da kaifi.

Yawan haƙori ma yana da magana. Tsaga katako a tsayinsa mai haƙora 24 ake so saboda wushiryar da ke tsakaninsu tana da faɗi tana kwashe gari da sauri. Yankan gicciye da filawud da MDF mai 60 zuwa 80. In kuɗin guda ɗaya gareka ka sayi mai 40 ko 50 zai maka duka biyun daidai gwargwado. Wanda ya sa mai 80 yana tsaga maɗaci mai inci biyu zai ta turi da ƙarfi katako na ƙonewa, kuma turi da ƙarfi shine ke kai hannu inda bai kamata ba.

Ramin tsakiyar faifai ya dace da shaf cif, na Amurka inci 5/8 ne, na Turai milimita 30, in basu zo ɗaya ba akwai zoben da ake sayarwa dan haka, banda naɗa waya ko gwangwani. Ka goge wasoshin nan biyu masu riƙe faifan, ɗan gari kaɗan a tsakaninsu ya isa ya sa faifai layi. Haƙoran sama su fuskanto ka. Noti yana kwancewa ne in ka ja sifana ta wajenka, kuma in zaka ɗaure ka ɗaure daidai kawai ba sai ka hau kai ba, juyin injin da kansa ƙara masa ƙarfi yake.

Masu injin haɗin gida, irin wanda ake ƙerawa a Panteka da wajen 'yan walda, ku ƙara da wannan: akwai adadin juyi da aka rubuta a jikin kowane faifai wanda ba'a wuce shi. Lissafin ba wuya, juyin mota sau faɗin fulin mota, wato ƙarfen da bel ke hawa, a raba da faɗin fulin shaf. Mota mai 2,850 da fuli inci 6, shaf da fuli inci 4, ya baka 4,275. Wannan yayi ma faifai inci 10, amma faifai inci 16 yayi masa yawa, duk girman faifai duk ƙarancin juyin da yake so. Ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar fulin biyu ka ga suna layi ɗaya, bel in ka danna tsakiyarsa da yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya, a rufe shi da murfi. Ka kama faifan ka girgiza gefe da gefe, in kaji ƙwas ƙwas boris ya tafi, duk saitin da zakayi a kansa ɓata lokaci ne. Tunda muna nan bari in faɗa, masu ɗaura faifan zarto a ƙaramar giranda ku bari dan girman Allah, tana juyi wajen 11,000 kuma ba abin da ke riƙe ta sai hannunka.

Faifai ya yi layi ɗaya da kwarin tebur

Anan zan daɗe dan shine tushen komai. A saman tebur akwai kwari miƙaƙƙe ɗaya ko biyu da ma'aunin kwana, wato abin da ake tura katako dashi a yankan gicciye, ke bi, kwarin baya motsi, saboda haka da shi ake auna sauran. Ka ɗago faifai har ƙarshe. Ka zaɓi haƙori ɗaya ka sa masa alama da maka. Juyo shi gaba daidai saman tebur, ka saka sikwaya mai zamiya a cikin kwarin, kanta ya jingina da gefen kwari, ka zuro rular har ta ɗan shafi haƙorin, ka kulle. Yanzu ka juya wannan haƙorin dai zuwa baya, ka zame sikwayar ta bi shi. In ta shafe shi kamar yadda ta shafa a gaba, alhamdulillah. In akwai tazara ko ta tokare, faifan a karkace yake. Dalilin amfani da haƙori ɗaya shine ba faifan da yake miƙe ɗari bisa ɗari, in ka auna haƙora biyu daban lanƙwasar faifai zata ruɗe ka.

Bambancin da ake so kar ya wuce milimita 0.1, kusan kaurin takardar fotokwafi ɗaya kenan. In takarda ɗaya ta shige da ƙyar ka barshi, in biyu ko uku suka shige sai gyara. In baka da sikwaya mai zamiya ka ɗaure guntun katako a ma'aunin kwana ka ɗaura sukuru a bakinsa, kan sukurun ne zai zama ma'auninka.

Gyaran ya danganta da irin injin. Manya masu akwati teburin ne ake sassauta ma notuna huɗu a kusurwa, a bar ɗaya da ɗan ƙarfi, a ɗan bubbuga gefen tebur da guduma ta katako. Ƙanana kuma abin da ke riƙe shaf a ƙarƙashin tebur ne ake sassautawa a gusa. Haɗin gida, gidajen boris biyun ne zaka sassauta ka gusa ɗaya. Kuma ka sani lokacin ɗaurewa saitin yakan gudu, saboda haka ka ɗaure kaɗan kaɗan kana zagayawa kana sake aunawa, ni akwai ranar da sai da nayi sau biyar kafin ya zauna. In teburinka ba kwari sam, ka ɗora dogon ƙarfe miƙaƙƙe a jikin faifai tsakanin haƙora ka ja layi a tebur, wannan layin ya zama abin aunawarka.

Daga nan sai tsayuwar faifai. Ka cire farantin bakin zarto, wato wanda faifai ke leƙowa ta tsakiyarsa, ko ka tabbata a shafe yake da tebur, ka jingina sikwaya da jikin faifai tsakanin haƙora, kar ta hau kan haƙori dan ya fi jikin faɗi. Ka haska tocila ta baya, in haske na ɓullowa sama ko ƙasa ka juya hannun kwana har ya ɓace, sannan ka saita sukurun tsayawa na 90, ka maimaita a 45. Lambobin da ke gaban injin kar ka yarda dasu sai ka gwada.

Fens

Fens shine ƙarfen gefe da katako ke jingina da shi. Ka kawo shi bakin kwari ka kulle, ka shafa da yatsa gaba da baya kaji ko sun yi daidai. Ko dai yayi layi ɗaya da faifai, ko ƙarshensa na baya ya ɗan buɗe waje da kaurin takarda ɗaya ko biyu. Abin da ba'a yarda dashi ba ko kaɗan shine bayan ya matso wajen faifai, dan katako zai shiga matsi tsakanin fens da haƙoran baya, su kuma haƙoran baya sama suke tasowa, sai su ɗaga katakon su ɗora shi a kan faifai su wurgo maka. Shine harbin da nake ta faɗa.

Na gani da idona a wani shago da na taɓa aiki, fens ɗin ƙarfen kwana ne da ake ɗaurewa da kilam biyu, aka auna gaba da tef ba'a auna baya ba. Guntun filawud ne bai fi faɗin tire ba, muka ji fau, kafin kowa ya juya ya tsallake shagon ya lotsa ƙofar kwano. Mai yankan ya tsaya yana kallon hannunsa, fatar bayan yatsunsa biyu ta tafi, saboda lokacin da katakon ya fizge hannun da ke danne shi ya bi shi. Allah ya taƙaita yatsun suna nan. Tun ranar in fens na kilam ne sai na auna gaba na auna baya duk lokacin da na gusa shi, ko sau ɗari ne a yini. Bayan ka kulle kuma ka tura ƙarshensa da hannu kaga ko yana gocewa.

Wuƙar baya da murfi

Wuƙar baya wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ke tsaye a bayan faifai, bata yanka komai, aikinta ta shiga cikin tsagar ta hana katako rufewa ya cije faifai, ta kuma hana shi gogar haƙoran baya. Katakonmu da yawa ɗanye ake kawo shi, malaina da afara da sauransu, kana tsagawa kana ganin bakin yana haɗewa a baya, toh wannan ƙarfen ne maganinsa. Amma shine abu na farko da ake cirewa a jefa ƙarƙashin benci wai yana tare aiki, abin na min ciwo wallahi.

Saitinta abu uku ne. Kaurinta ya fi jikin faifai amma kar ya kai faɗin tsagar da haƙora ke yi, misali faifai mai tsagar milimita 3.2 da jiki 2.2, wuƙa mai 2.5 zuwa 2.8 tayi. Tazararta da haƙora milimita 3 zuwa 8. Sannan ta tsaya a bayan faifai cif, ka ɗora rula a gefen haƙora ta miƙe zuwa baya, ta kowane gefe rular kar ta taɓa wuƙar. In ka canza zuwa siririn faifai mai tsagar 2.4 sai ka sake duba kaurin, in ba haka ba katako zai tsaya a wuƙar. Injin da bai zo da ita ba mai walda zai iya yanko maka daga farantin ƙarfe mai ƙwari a ɗaure ta da noti biyu, a ɗan fiƙe bakinta na gaba. Murfin sama ma a mayar dashi, a sauke shi kusa da katako iya yadda zai yiwu.

Farantin bakin zarto in ramin ya yi faɗi siraran ɓarɓashi na faɗawa su maƙale, ka yanka sabo da filawud ya zauna daidai da saman tebur.

Akwai injin da ake kira SawStop, wani Ba'amurke Steve Gass ya ƙirƙiro dabarar a 1999, yana jin taɓawar fatar mutum ta hanyar lantarki ya tsayar da faifai cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Abu ne mai kyau sosai amma da tsada, ɗanyen katako ma na iya tayar da birkin, kuma ko shi baya hana harbi sai da wuƙar baya.

Sandar turi, da kai kanka

Kafin ka jona wuta ka yanka sandar turi guda biyu, tsawon santimita 45 da ɗan baki a gaba da zai kama katako, da wani mai kama da takalmi wanda ke danne katako ta sama yana da dunduniya a baya, shi nafi so dan yana hana katako ɗagowa. Su zauna a kan fens kullum, sandar da ke rataye a bango can nesa ba wanda zai je ɗauko ta a tsakiyar yanka. Santimita 30 na ƙarshen kowane yanka da sanda ake ƙarasa shi, haka duk katakon da ya gaza santimita 30.

Babbar riga, jallabiya mai faɗin hannu, rawani ko ƙyalle a wuya, agogo, zobe, carbi a hannu, duk a ajiye. Safar hannu ma a'a, haƙori na kama zare ɗaya ya ja hannun gaba ɗaya. Gilashin ido, abin toshe kunne dan ƙarar na kaiwa wajen desibel 100, da takunkumi mai kyau, garin katako yana cikin abubuwan da hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar suna jawo kansar hanci, ba atishawa kawai yake sa wa ba.

Gwajin yanka

Ka juya faifai da hannu zagaye ɗaya kaji baya taɓa komai, ka kwashe sifana da sikwaya daga tebur, sannan ka jona. Ka tsaya gefe ka kunna ka barshi minti ɗaya kana saurare. In da janareta kake ka bari faifai ya kai cikakken gudu kafin katako ya taɓa shi.

Tsayin faifai ya ɗara katako da kamar milimita 6, wato haƙori ya leƙo kawai. Ka samu busasshen katako miƙaƙƙe wanda ba kusa a jikinsa, gefe ɗaya a goge. Tsaya ta hagun layin faifai, cikinka kar ya zama a saitin katako. Idonka na kan inda katako ke haɗuwa da fens, turi ɗaya a hankali ba tsayawa har ya wuce wuƙar baya. Ka kashe, ka jira faifai ya tsaya cak kafin ka ɗauki komai a kusa dashi, kuma kar ka taɓa miƙa hannu ta samansa.

Yanzu katakon zai baka labari. Baƙin ƙuna a gefen da ke wajen fens, fens na matsewa a baya ko faifai ya dakushe. Zane-zanen haƙora masu zurfi, faifai na layi ko boris. Katako na janyewa daga fens, bayan fens ya buɗe da yawa ko wuƙa ta karkata. Dan gwada 90 kuma ka yanka katako gicciye, ka kifa ɓari ɗaya ka haɗa bakunan a kan tebur, in tazara ta fito sama ko ƙasa kuskuren ne ya ninka biyu, ka koma ka gyara.

Abu biyu da ba'a yi ko saitin ya kai yaya kyau: yanka da hannu zalla ba fens ba ma'aunin kwana, da haɗa fens da ma'aunin kwana a yankan gicciye, dan guntun da ya fita zai maƙale tsakanin fens da faifai ya harbo. In kana son guntaye masu tsawo ɗaya ka ɗaure ɗan katako a jikin fens can gaba kafin faifai, ka auna dashi, lokacin da katako zai isa haƙora ya riga ya rabu dashi. In katako ya cije a tsakiya kar ka ja shi baya, riƙe shi da kyau ka buga jan makunni da gwiwa.

Wannan awon na kwari da fens da wuƙa ka maimaita shi duk sanda aka ɗaga injin zuwa wani wuri, ko aka canza faifai, ko yayi harbi. Sabon yaro kuma kar ya kunna sai ya iya yin awon da kansa kana tsaye.

A ajiye bandeji da tsumma mai tsabta da leda a shago inda kowa ya sani. In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, a danne ciwon da ƙarfi a ɗaga hannun sama, banda zuba fetur ko baƙin mai ko garin katako. In yatsa ya fita a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a saka a leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kar yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi asibiti dashi nan take. Wanda ke Kano ya nufi asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, na wani gari kuma ya san babban asibitin da yafi kusa dashi tun yau, da lambar mai mashin ko mai adaidaitan da zai kira.